Tsarin sarrafa bawul a injin babur mai silinda ɗaya

Tsarin sarrafa bawul shi ne jerin ƙarafan da ke buɗe bawul su kuma rufe shi a kan lokaci a cikin inji mai bugu huɗu. Injin babur mai silinda ɗaya yakan zo da bawul biyu: ɗaya na shigar da iska gauraye da fetur, ɗayan kuma na fitar da hayaƙi. Tun daga shekarar 1885 da aka ƙera babur na farko mai amfani da fetur, masu ƙera babura sun gwada manyan hanyoyi biyar na motsa waɗannan bawul, wato bawul mai buɗe kansa, bawul a gefe, bawul a sama mai sandar turi, kamshaf a sama, da kuma tsarin desmo.

Kowane tsari yana da abin da ya fi iyawa da abin da yake buƙata daga mai babur. Wanda ya fi saurin juyi ya fi son baƙin mai mai tsabta da gyara a kan kari, wanda ya fi haƙuri da rashin kulawa kuma ba ya kai na farkon gudu. A ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo da ke gabashin Jihar Sakkwato, inda babur ne babban abin hawa tsakanin ƙauyuka da fadamu da kasuwanni, biyu daga cikin waɗannan tsare-tsare ne ake gani a kan hanya a yau: mai sandar turi irin na Honda CG125, da mai kamshaf a sama irin na Bajaj Boxer.

Sunayen sassa

Yawancin sunayen sassan inji sun shigo Hausa ne daga Ingilishi ta bakin kanikawa da direbobi, kuma sun bi ƙa'idar furucin Hausa. Da yake Hausa ba ta da sautin "v", kalmar da ta fara da shi ta koma bawul. Sautin "p" kan koma "f", shi ya sa ake cewa fistin da filogi. Inda baƙaƙe suka taru ba wasali a tsakani, sai a saka wasali, kamar a karanshaf da sifirin. Sassan da suka shafi wannan maƙala su ne:

Karanshaf: ƙarfen da fistin ke juyawa, daga gare shi ƙarfi ke tafiya zuwa giya da tayar baya.
Kamshaf: sanda mai doro ɗaya ko fiye. Duk lokacin da ta juya, doron ne ke tura bawul ya buɗe.
Roka: ɗan ƙarfe mai kama da hannun sikeli, idan aka ɗaga gefe ɗaya sai ɗaya gefen ya danna bawul.
Sandar turi: siririyar sanda da ke kai motsi daga kamshaf da ke ƙasa zuwa roka da ke sama. Kanikawa kan ce mata fushrod.
Sarƙar taimin: ƙaramar sarƙa a cikin inji da ke haɗa karanshaf da kamshaf. A gareji an fi cewa taimin cen.
Sifirin: murɗaɗɗen ƙarfen da ke mayar da bawul mazauninsa.

Yadda bawul ke aiki

Injin bugu huɗu, wanda Nikolaus Otto ya kammala a Jamus a shekarar 1876, yana aiki ne da matakai huɗu. Fistin zai sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, filogi ya ba da wuta ƙuna ta tura shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. A mataki na farko bawul ɗin shiga ne a buɗe, a na huɗu na fita ne a buɗe, a biyun tsakiya kuma dole duka biyun su rufe ruf. Matakan nan huɗu suna cin juyi biyu na karanshaf, amma kowane bawul sau ɗaya yake buɗewa. Saboda haka a kowane tsari kamshaf yana juyawa ne da rabin saurin karanshaf, kuma giyar da ke jikinsa tana da haƙora ninki biyu na wadda ke jikin karanshaf.

Idan inji yana juyi 6,000 a minti ɗaya, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 50 a daƙiƙa ɗaya. A nan ne nauyin ƙarafa ke zama matsala. Doron kamshaf yana iya tura bawul ya buɗe komai saurin inji, amma sifirin ne kaɗai ke dawo da shi, tare da duk ƙarafan da ke tsakaninsa da doron. Idan ƙarafan sun yi nauyi ko juyin ya yi yawa, sifirin ba zai iya mayar da su a kan lokaci ba. Bawul zai tsaya a buɗe lokacin da ya kamata ya rufe, ƙarfi ya ragu, wani lokaci ma fistin ya buge shi ya lanƙwashe. Yawancin tarihin wannan fanni ƙoƙari ne na rage wannan nauyi ba tare da an sa inji ya yi tsada ko wuyar gyara ba.

Bawul mai buɗe kansa

Babur ɗin da Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka ƙera a shekarar 1885 yana da silinda ɗaya mai girman cc 264. Bawul ɗinsa na shiga ba shi da abin da ke tura shi. An sa masa sifirin mai laushi, idan fistin ya sauka sai zuƙar da ya yi ta jawo bawul ya buɗe da kansa. Bawul ɗin fita ne kawai ake motsawa da ƙarfe. Injinan De Dion-Bouton na Faransa, waɗanda masu ƙera babura da yawa suka saya ko suka kwaikwaya, da kuma baburan farko na Harley-Davidson a Amurka, duk sun bi wannan hanya.

Tsarin yana da sauƙi amma ba ya jure gudu. Idan sifirin ya yi laushi bawul ba ya rufewa da wuri, idan ya yi tauri kuma ba ya buɗewa sosai. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya yawancin kamfanoni sun bar shi sun koma tura bawul biyun da kamshaf.

Bawul a gefe

A wannan tsari bawul biyun suna tsaye ne a gefen silinda, kansu yana kallon sama, kamshaf kuma yana ƙasa kusa da karanshaf yana tura su kai tsaye. Babu roka, babu doguwar sanda, kan inji kuma murfi ne kawai mai ramin filogi. Sassa kaɗan ne, kuma ko da bawul ya maƙale ba zai haɗu da fistin ba.

Fitattun misalai su ne Triumph Model H na shekarar 1915, da Norton 16H mai cc 490, da BSA M20 mai cc 496. Sojojin Birtaniya sun yi amfani da biyun ƙarshe sosai a Yaƙin Duniya na Biyu, inda aka ƙera BSA M20 kimanin 126,000. Abin da ya sa soja suka so su shi ne suna cin fetur marar kyau, kuma kusan kowa na iya kwance su da 'yan sifanu kaɗan.

Rauninsa yana cikin siffar ɗakin ƙuna. Da yake bawul suna gefe, ɗakin ya zama dogo kuma shimfiɗaɗɗe, iska sai ta yi kwana kafin ta shiga silinda, hayaƙi ma haka kafin ya fita. Ba a iya matse iska sosai, kuma gefen da bawul ɗin fita yake yana ɗaukar zafi fiye da sauran jiki. BSA M20 yana matse iska ne da ma'aunin 4.9 zuwa 1, yana ba da ƙarfin doki 13 kacal duk da girmansa. Bayan yaƙi tsarin ya ja baya a babura, amma ya daɗe a ƙananan injinan ban ruwa da janareto.

Bawul a sama mai sandar turi

A nan an mayar da bawul zuwa kan inji, suna kallon ƙasa daidai saman fistin, amma an bar kamshaf a ƙasa. Doro yana ɗaga sandar turi, sanda ta ɗaga roka, roka ta danna bawul. A takardun babura ana taƙaita sunan tsarin da haruffan OHV. Ɗakin ƙuna ya zama dunƙulalle, hanyar iska ta miƙe, matsi ya ƙaru, saboda haka inji yana ba da ƙarfi mai yawa daga fetur kaɗan.

Manyan baburan Ingila masu silinda ɗaya yawancinsu haka suke: Norton ES2, BSA Gold Star, Velocette Venom da Royal Enfield Bullet, wanda daga baya aka riƙa harhaɗawa a Madras ta ƙasar Indiya. Gold Star mai cc 500 yana ba da ƙarfin doki kimanin 40, wato ninki uku na M20 daga kamfani ɗaya da girma kusan ɗaya. Kamfanin Velocette ya ɗaga kamshaf sama kaɗan domin sandunan su gajarta su rage nauyi, kuma a shekarar 1961 wani Venom ya yi awa 24 yana gudu a filin Montlhéry na Faransa da matsakaicin gudun mil 100.05 a awa. Honda Super Cub na farko, na shekarar 1958, shi ma sandar turi gare shi. Da yake cc 49 ne kuma ƙarafansa ƙanana ne, yana kai juyi 9,500 a minti.

Matsalar tsarin ita ce yawan ƙarafa tsakanin doro da bawul. Kowane ɗaya yana da nauyi, kuma kowace mahaɗa tana cinyewa. Yana kuma da ƙara, musamman idan tazarar bawul ta buɗe. Amfaninsa shi ne kamshaf yana zaune a ƙasa kusa da inda baƙin mai yake taruwa, kuma giya ce ke juya shi, babu sarƙar da za ta saki.

Honda CG125

Wannan inji ne ya fi kowane tasiri a Afirka cikin masu sandar turi. A farkon shekarun 1970 Honda tana sayar da ƙananan babura masu kamshaf a sama, irin su CB100 da CB125S, amma a ƙasashe masu tasowa suna saurin lalacewa. A shekarar 1974 injiniyoyin kamfanin suka zagaya wasu ƙasashen Asiya, ciki har da Tailan, Indunusiya, Iran da Fakistan, domin su ga dalili. Sun tarar ana lafta wa babur mutane da kaya fiye da ƙima, ana bin hanyoyi masu ƙura, ba a kuma canza baƙin mai sai ya zama kamar kwalta. A irin wannan hali kamshaf da ke sama, wanda yake juyawa kai tsaye a cikin alminiyon kan inji, shi ne ke fara cinyewa.

Maimakon su jira masu babur su canza hali, sai suka canza injin. CG125 ya fito a shekarar 1975 da silinda mai cc 124. An sauko da kamshaf ƙasa, giya na juya shi, kuma doro ɗaya tak gare shi wanda ke motsa bawul biyun ta hanyar gajerun sanduna biyu. An kuma sa masa matatar iska ta soso wadda ake wankewa a mayar. Yana ba da ƙarfin doki kimanin 11, wanda bai yi nisa da na BSA M20 ba, alhali girmansa kashi ɗaya cikin huɗu ne na M20. An fara ƙera shi a Manaus ta ƙasar Burazil a shekarar 1976, har yanzu ana yin sa a Fakistan, kuma kamfanonin ƙasar Sin da dama sun kwaikwayi injin suna sayarwa da sunaye daban-daban. Ta wannan hanya ne ya cika kasuwannin Nijeriya da Nijar.

Kamshaf a sama

A wannan tsari, wanda ake taƙaitawa da OHC, an ɗauke kamshaf gaba ɗaya an kai shi kan inji kusa da bawul. Sandar turi ta fita, nauyin da sifirin zai mayar ya ragu, inji yana iya juyi da sauri ba tare da bawul ya rikice ba. Sai dai sabuwar tambaya ta taso: ta yaya za a kai juyin karanshaf daga ƙasa zuwa sama? An amsa ta hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce tsayayyar sanda mai giya masu karkatattun haƙora a sama da ƙasa. Velocette ta yi amfani da ita a samfurin K na shekarar 1925, kuma Alec Bennett ya ci tseren Junior TT na Tsibirin Man da shi a shekarar 1926. Norton CS1 na shekarar 1927, wanda Walter Moore ya zana, da Manx Norton da ya biyo baya, su ma haka suke. Manx mai cc 500 na ƙarshe-ƙarshe yana da kamshaf biyu a sama, yana ba da ƙarfin doki kusan 50. Wannan hanya ba ta kuskuren lokaci, amma ƙera giyoyin yana da tsada, daidaita su kuma sai ƙwararre.

Hanya ta biyu ita ce sarƙa. AJS 7R na shekarar 1948 misali ne a fagen tsere, amma kamfanonin Japan ne suka mayar da ita ta kowa da kowa. A tsakiyar shekarun 1960 Honda ta sauya injin Super Cub zuwa kamshaf a sama mai sarƙa, Yamaha kuma ta fito da XT500 a 1976 da SR500 a 1978. Sarƙa tana da arha, ba ta da nauyi, ba ta da ƙara idan sabuwa ce. Amma tana saki da tsufa, tana buƙatar abin da zai riƙa ɗaure ta, kuma idan ta tsallake haƙori lokaci zai ɓaci, idan ta tsinke bawul na iya haɗuwa da fistin.

Hanya ta uku ba ta yaɗu ba. NSU Max na Jamus, mai cc 247, ya yi amfani da wasu dogayen ƙarafa masu kai-komo, kamar waɗanda ke haɗa ƙafafun jirgin ƙasa mai tururi, domin juya kamshaf.

Duk hanyar da aka bi, kamshaf a sama ya dogara ne ga famfon mai. Shi ne wuri mafi nisa daga inda mai yake kwanciya, kuma ta ƙananan ramuka mai ke isa gare shi. Idan mai ya yi ƙasa ko datti ya toshe ramin, nan ne ke fara bushewa.

Tsarin desmo

Sunan ya samo asali ne daga kalmomin Girkanci biyu, "desmos" mai nufin ɗauri da "dromos" mai nufin hanya. A wannan tsari ba a dogara ga sifirin wajen rufe bawul. Kowane bawul yana da doro biyu da roka biyu, ɗaya ta tura shi ya buɗe, ɗaya ta jawo shi ya rufe. Saboda haka komai saurin inji bawul ba ya barin hanyar da aka tsara masa.

Kamfanin Mercedes-Benz ya yi amfani da shi a motar tsere ta W196 a shekarun 1954 da 1955. A babura kuwa sunan injiniya Fabio Taglioni na kamfanin Ducati da ke Bologna ta Italiya ne ya shahara da shi. Babur ɗinsa na tsere mai cc 125 ya ci gasarsa ta farko a Hedemora ta ƙasar Suwidin a shekarar 1956, yana juyi sama da 12,000 a minti. A shekarar 1968 Ducati ta fara sayar da baburan titi masu silinda ɗaya da wannan tsari, masu cc 250 da 350, daga baya aka ƙara na 450.

Tsadarsa tana wajen gyara. Kowane bawul yana da tazara biyu da za a auna, ta buɗewa da ta rufewa, kuma da ƙananan ƙarafa masu kauri daban-daban ake daidaita su. Da ƙarfen sifirin ya inganta a shekarun baya, buƙatarsa ta ragu, ya zama alamar Ducati kusan ita kaɗai.

Injin da ba shi da irin wannan bawul

Inji mai bugu biyu ba shi da kamshaf ko roka. Fistin da kansa ne ke buɗe ramukan da ke jikin silinda ya kuma rufe su. Wasu suna da faifai mai juyawa da ke tsara shigar iska, kamar Yamaha YB100 da Suzuki A100, wasu kuma suna da siririn ganyen ƙarfe da zuƙa ke buɗewa, kamar Yamaha RX100. Jincheng AX100, wanda aka ɗauko daga Suzuki AX100, ya yi tashe a arewacin Nijeriya. Irin waɗannan injina suna da sauƙin kwancewa, amma suna ƙona mai tare da fetur, suna hayaƙi, kuma sun fi shan fetur, abin da ya sa masu bugu huɗu suka ture su.

Kwatanci a taƙaice

Ta fuskar saurin juyi, desmo ne a gaba, sai kamshaf a sama, sai sandar turi, sai bawul a gefe, mai buɗe kansa kuma a ƙarshe.
Ta fuskar jure tsohon mai da ƙura, bawul a gefe da sandar turi sun fi, domin kamshaf ɗinsu yana ƙasa.
Ta fuskar tanadin fetur, duk tsarin da bawul ke sama ya fi bawul a gefe nesa ba kusa ba. Tsakanin sandar turi da kamshaf a sama, girman silinda da saitin kafireto sun fi tasiri fiye da wurin da kamshaf yake.
Ta fuskar sauƙin gyara, cire kan injin mai sandar turi ba ya taɓa lokacin bawul. A mai sarƙa kuwa dole a sake daidaita alamar kamshaf da ta karanshaf kafin a rufe.
Ta fuskar ƙara, mai sarƙa ya fi shiru matuƙar sarƙar ba ta saki ba.

A Wurno, Rabah da Goronyo

Wurno da Goronyo suna kwarin kogin Rima, Rabah kuma tana bakin kogin Sakkwato. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a shekarar 1984 kuma aka gina ta don ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942, tare da fadamun Wurno, sun sa noman rani ya zama babbar sana'a. Shinkafa, albasa da tafarnuwa suna fitowa daga gonaki zuwa kasuwanni irin na Acida da Goronyo, kuma a hanyoyin da mota ba ta shiga babur ne ke ɗauko su. 'Yan kabu-kabu, kamar yadda ake kiran masu haya da babur a ƙasar Sakkwato, su ne kuma ke kai marasa lafiya asibiti da 'yan kasuwa bakin titi.

Yanayin wurin ya yi kama da wanda injiniyoyin Honda suka gani a shekarar 1974. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce, daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, da damina kuma laka. Tafiya cikin rairayi da kaya masu nauyi tana tilasta amfani da ƙaramar giya, inji na juyi da yawa amma iskar da ke sanyaya shi kaɗan ce. Zafi yana tsinka mai, ƙura kuma idan ta wuce matata takan gauraya da shi ta riƙa cin ƙarfe.

Duk da haka Bajaj Boxer na Indiya, mai cc 100 da kamshaf ɗaya a sama, ya yawaita a hannun 'yan kabu-kabu. Baburan da ake kira roba-roba, masu kwantaccen inji irin na Super Cub, su ma sarƙar taimin gare su. Dalilin karɓuwarsu ba ya rasa nasaba da ƙarancin shan fetur, wanda muhimmancinsa ya ƙaru bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, da kuma samuwar kayan gyara da ke zuwa daga Sakkwato, Kano da Nnewi. Sarƙar taimin ba ta da tsada idan aka canza ta da wuri. Injina irin na CG, masu cc 125 zuwa sama, sun fi dacewa da mai ɗaukar kaya masu nauyi ko wanda ke nesa da bakanike.

Sandar turi tana nan kuma a cikin fadama ta wata siffa. Yawancin injinan ban ruwa masu amfani da fetur an kwaikwayo su ne daga Honda GX160 mai cc 163 da ire-irensa, waɗanda bawul ɗinsu ke sama da sandar turi, kuma su ne suka maye gurbin tsofaffin masu bawul a gefe. Irin wannan inji ba ya wuce juyi 3,600 a minti, saboda haka kamshaf a sama ba zai ƙara masa wani abin kirki ba.

Matsalar tsaro da ta addabi gabashin Sakkwato tun wajen shekarar 2018 ta sa lalacewar babur a daji ta wuce batun asarar kuɗi. Ga mai bin waɗannan hanyoyi, injin da ke nuna alama kafin ya tsaya, da mai babur da ya san alamar, sun fi ƙarin gudu amfani.

Kulawa da alamomin matsala

Duk ƙarfe yana buɗewa idan ya yi zafi, shi ya sa ake barin 'yar tazara tsakanin roka da bawul. A CG125 tazarar milimita 0.08 ce ga bawul biyun, a GX160 kuma 0.15 ga na shiga da 0.20 ga na fita. Ana aunawa ne inji yana sanyi, fistin yana can sama a matakin matsi, da siririn ganyen awo. Idan tazara ta yi yawa za a ji ƙas-ƙas daga kan inji kuma ƙarfi zai ragu. Idan ta yi kaɗan inji zai yi shiru, amma wannan ya fi haɗari. Bawul ɗin fita yana sauke yawancin zafinsa ne lokacin da ya zauna a mazauninsa, to idan bai zauna daidai ba bakinsa zai ƙone, matsi ya zube, babur ya riƙa wuyar tashi. Matse tazara don kawai a kashe ƙara kuskure ne da ke jawo wannan.

A injin mai kamshaf a sama, ƙara mai kama da jan sarƙa a ƙasa, musamman lokacin da inji ke aiki a tsaye, alama ce ta sarƙar taimin da ta saki ko abin ɗaure ta ya gaji. Shuɗin hayaƙi da safe yakan nuna robar da ke hana mai bin sandar bawul ta mutu. A duka tsarin biyu, canza baƙin mai a kan lokaci da wanke matatar iska su ne suka fi ƙara wa inji kwana. Waɗannan ƙananan injina ba su cin mai fiye da kimanin lita ɗaya, saboda haka raguwar da ba ta kai a damu ba a mota tana iya barin kamshaf na sama a bushe.

Duba kuma

Injin bugu huɗu
Honda CG125
Bajaj Boxer
Kabu-kabu
Madatsar ruwa ta Goronyo